Gwanintar Ba da Hanya a Tsakiyar Teku

Jirgin ruwa ba shi da birki. Idan katafaren jirgin dakon mai ya ɗauki gudu, maƙare da kaya, sai aka hango abu a gabansa, iyakar abin da za a iya yi shi ne a juya farfela ta koma baya, sannan a zuba ido. Sharaɗin da Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya, wato IMO, ta gindaya wa maƙera shi ne jirgi ya iya tsayawa cik kafin ya ci ninki 15 na tsawonsa. Jirgi mai tsawon mita 330 ke nan sai ya shafe kusan kilomita biyar kafin ya tsaya. Juyawa ma sai a hankali, domin an yarje masa ya zana da'irar da faɗinta ya kai ninki biyar na tsawonsa.

Ga kuma ƙurewar lokaci. Jirage biyu da suka tunkari juna, kowanne yana gudun kilomita 28 a sa'a, in tazararsu kilomita 11 ce, cikin minti 12 sun haɗu. A cikin mintocin nan ne za a gano ɗan'uwan tafiya, a fahimci inda ya dosa, a yanke shawara, jirgin kuma ya amsa umarni. Shi ya sa duk hikimar tuƙin jirgin ruwa a hangen nesa take. Wanda ya jira sai haɗari ya bayyana ƙarara, ya riga ya makara.

Wannan hikima ce injiniyoyi a Norwe da Japan da Finlan da Koriya ta Kudu da Amurka suka duƙufa suna koya wa kwamfuta, domin jirgi ya zana hanyarsa da kansa, ya kuma kauce wa karo ba tare da hannun mutum a kan sitiyari ba. Aiki ne da ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau. Fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya ta ruwa ake dakonsu, har da taki da magunguna da motocin da ake saukewa a Legas da Kwatano da Tema kafin su hau tirela zuwa arewa. Abin da ya fi burge ni a aikin kuwa shi ne gane cewa lissafin gajeriyar hanya shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne jirgi ya motsa ta yadda na kusa da shi zai karanci niyyarsa tun daga nesa.

Taswira kafin tashi

Aikin hawa biyu ne. Hawa na farko tun jirgi yana ɗaure a tasha ake yin sa: zana hanyar tafiya gaba ɗaya. Kwamfuta takan ɗauki taswirar teku ta zamani, mai ɗauke da zurfin ruwa da duwatsu da tsibirai da wuraren da aka hana shiga, ta yayyanka ta ƙananan gidaje. Kowane gida sai a ɗora masa farashi. Inda ruwa bai kai zurfin da gindin jirgi ke buƙata ba, a rufe gidan kwata-kwata. Inda ake hasashen guguwa, ko ruwa ke gudu ta fuskar da jirgi ya dosa, a tsawwala farashi. Daga nan sai a nemi jerin gidajen da jimillar kuɗinsu ta fi araha daga tasha zuwa tasha.

Dabarar da aka fi amfani da ita wajen wannan nema tsohuwa ce. A 1968 ne Peter Hart da Nils Nilsson da Bertram Raphael suka fito da ita a cibiyar bincike ta Stanford, domin wani mutum-mutumi mai suna Shakey ya iya kewaya ɗakuna, suka raɗa mata suna A*. Kyawunta shi ne ba ta ɓata lokaci tana leƙa kowane lungu. A kowane mataki takan haɗa abin da aka riga aka kashe da ƙiyasin abin da ya rage, ta bi inda jimillar ta fi sauƙi. Sau da yawa hanyar da take fitarwa ba miƙaƙƙiya ba ce, domin zagaye guguwa ya fi ratsa ta arahar mai da kwanciyar hankali. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Riƙe jirgi a kan layin da aka zana ma an daɗe da shawo kansa. Nicolas Minorsky, injiniya haifaffen Rasha da ya koma Amurka, ya tsaya ya lura da hannun ƙwararrun matuƙa, ya ga ba karkatar da jirgi ya yi a yanzu kaɗai suke dubawa ba. Suna la'akari da saurin da yake karkata, da kuma kuskuren da ya daɗe yana taruwa. Ya mayar da wannan lura lissafi a 1922, aka gwada shi a jirgin yaƙi New Mexico a 1923. Tun daga tushe ke nan, na'urar ɗalibar matuƙi ce.

Ido huɗu

Hawa na biyu shi ne na cikin tafiya, inda taswira ba ta da abin cewa, domin jiragen da za a gamu da su ba a zane suke ba. Nan dole jirgi ya gani.

Tsofaffin matuƙa suna da wata dabara da har yau ba a sami wadda ta fi ta ba. In ka hango jirgi, ka auna kusurwarsa da kamfas, ka dakata kaɗan, ka sake aunawa. In kusurwar tana sauyawa, za ku wuce juna. In tana nan daram, jirgin kuma yana ƙara girma a idonka, to wuri ɗaya kuka nufa a lokaci ɗaya. Na'urar rada ta zamani wannan aikin take yi wa gomman jirage a tare, ta fitar wa kowanne lamba biyu: tazara mafi kusa da za a yi da shi in kowa ya ci gaba yadda yake, da mintocin da suka rage kafin a kai wurin. A kan lambobin nan biyu aka gina kusan komai.

Bayan rada akwai AIS, na'urar da kowane babban jirgi mai tafiya tsakanin ƙasashe, daga tan 300 zuwa sama, ya wajaba ya ɗauka tun ƙarshen 2004. Ita ke shelanta sunan jirgi da inda yake da gudunsa da inda ya fuskanta, duk bayan daƙiƙa 2 zuwa 10 in yana tafiya. Sai kyamarori na rana da masu ganin zafin jiki da dare, da na'urar auna tazara da hasken leza domin abin da ke kusa.

Kowace cikinsu tana da makantarta. Rada takan rikita igiyar ruwa da ƙaramin jirgi, kwale-kwalen katako kuwa da ƙyar take kama shi. AIS abin da aka shigar mata take faɗa, ana kuma iya kashe ta. Kyamara hazo na rufe mata ido. Gwanintar ita ce haɗa bayanan wuri ɗaya, a tantance cewa ɗigon da rada ta nuna, da sunan da AIS ta kawo, da fitilar da kyamara ta hango, duk jirgi ɗaya ne, ba uku ba. Haɗarin da ya faru a gaɓar Norwe ranar 8 ga Nuwamba 2018 ya nuna muhimmancin haka. Jirgin yaƙi Helge Ingstad yana tafe da dare, AIS ɗinsa ba ta shelanta shi, masu gadi a ɗakin tuƙi kuma suka ɗauki fitilun jirgin dakon mai Sola TS a matsayin wani abu da ke tsaye a bakin tasha. Kafin su farga an yi karo, daga baya jirgin yaƙin ya nutse, Allah Ya sa ba a rasa rai ba. Bayanan da za su hana haɗarin duk suna nan, ba a dai haɗa su ba.

Gani bai isa ba

Daren 25 ga Yuli 1956, kusa da tsibirin Nantucket na Amurka, jirgin fasinja na Italiya Andrea Doria ya tunkari jirgin Suwidin mai suna Stockholm cikin hazo. Dukansu suna da rada, kowanne ya ga ɗan'uwansa tun da sauran tazara. Amma kowane ɓangare ya yi wa abin da ya gani fassara dabam. A ƙarshe Andrea Doria ya karya hagu, Stockholm ya karya dama, suka haɗu. Mutum 51 suka rasu, washegari Andrea Doria ya nutse. Darasin da duniyar sufurin ruwa ta ɗauka shi ne, kauce wa karo aikin mutum biyu ne. Dabararka, komai kyanta, in ɗayan bai fahimce ta ba, tana iya zama sanadin haɗarin.

Dokokin hana karo a teku da ake aiki da su yau, waɗanda aka sani da COLREG, an amince da su a 1972, suka fara aiki ranar 15 ga Yuli 1977. Amfaninsu shi ne kowa ya san abin da ɗayan zai yi ba sai an yi magana ba. In jirage biyu masu inji suka yi gaba da gaba, doka ta 14 ta ce kowanne ya karya dama. In hanyoyinsu za su gitta juna, doka ta 15 ta ɗora wa wanda ke ganin ɗayan ta damansa nauyin ba da hanya, ya kuma guji gittawa ta gabansa. Mai son wuce wani daga baya, shi zai kauce. Mai inji yana ba mai tafiya da iska hanya, yana ba masunta da ke jan taru hanya, haka ma jirgin da ya lalace. Da dare fitilu ke magana: ja a hagu, koriya a dama. Wanda ya hango jar fitila ta damansa, ya san shi ake jira ya kauce. Ƙaho ma yana da harshensa: busa ɗaya, na karya dama, biyu, na karya hagu, uku, injina yana ja da baya, biyar a jere, ban gane nufinka ba.

Minti 17 a ɗakin tuƙi

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Jirginmu ya nufi arewa yana gudun kilomita 28 a sa'a. Rada ta kamo wani jirgi ta arewa maso gabas, kilomita 11 daga gare mu, ya nufi yamma da gudu irin namu. Kusurwarsa ba ta motsi. Lissafi ya nuna nan da kimanin minti 17 za mu haɗu a wuri ɗaya. Yana damanmu, saboda haka mu ne masu ba da hanya.

Me kwamfuta za ta yi? Wata dabara da Tor Arne Johansen na jami'ar kimiyya da fasaha ta Norwe da ke Trondheim ya wallafa tare da abokan aikinsa a 2016 ta nuna hanya mai kyau ƙwarai. Maimakon neman amsa cikin zaɓin da ba shi da iyaka, sai a taƙaita shi kamar yadda kyaftin ke yi a zuciyarsa. Karya akala iri 13, daga digiri 90 hagu zuwa digiri 90 dama, ana tsallake goma sha biyar-biyar. Gudu iri huɗu: a ci gaba yadda ake, a rage, a tsayar da inji, ko a ja da baya. Zaɓi 52 ke nan. Kowanne sai kwamfuta ta gwada shi a cikin kanta, ta tura jirgin gaba na wasu mintoci bisa sanin nauyinsa da jinkirinsa wajen juyawa, ta ga inda zai kasance da inda ɗayan zai kasance. Sannan ta ci kowane zaɓi tara: tarar kusantar haɗari, tarar saɓa doka, tarar kauce wa hanya, tarar sauya shawarar da aka riga aka fara aiwatarwa. Wanda tararsa ta fi ƙanƙanta shi za a bi, bayan 'yan daƙiƙoƙi kuma a sake lissafin daga farko.

A misalinmu, in muka karya dama da digiri 15, za mu wuce ta bayansa da tazarar kusan kilomita ɗaya da rabi. In muka karya hagu da digiri 15, tazarar daidai take da waccan, sai dai ta gabansa za mu gitta. A ma'aunin lissafi zalla, babu bambanci. A ma'aunin teku kuwa, bambancin na rai da mutuwa ne. Matuƙin wancan jirgi yana sa ran mu karya dama. In ya ga shiru, hankalinsa ya tashi, shi ma dama zai karya, wato daidai inda muka dosa in mun bi hagu. Don haka tarar hagu mai nauyi ce.

Tsakanin digiri 15 da 30 na dama fa? Na farko ya fi arahar mai, kuma ya wadatar a kan takarda. Amma doka ta 8 ta buƙaci kaucewa ta zama da wuri, ta kuma yi girman da ɗayan zai gan ta a fili, da ido ko a rada, ta hana yin ƙananan gyare-gyare a jere. Digiri 30 zai ba da tazarar kusan kilomita uku, ya kuma juya goshin jirginmu ta yadda wancan matuƙi zai ga sauyin babu tantama. Manhaja mai kyau wannan za ta zaɓa, ta riƙe shi har ɗayan ya wuce sarai, sannan ta koma kan layinta. A nan ne na ga ƙwarewar ta kai ƙwarewa: an koya wa na'ura ta ƙona ɗan mai domin ta kwantar wa wani hankali.

Akwai wata dabarar da Paolo Fiorini da Zvi Shiller suka bayyana a 1998, wadda masu binciken hukumar NASA suka ɗora wa dokokin teku daga baya. Ita kan zana duk gudu da fuskar da za su kai ga karo da wani jirgi, su fito da siffar mazurari. Jirgi goma, mazurari goma. Abin da ya rage a fili shi ne inda za a iya bi.

Kalmomin da ba su da lamba

Babbar wahalar ita ce dokokin don mutane aka rubuta su. Sun ce a kauce da wuri, ba su faɗi minti nawa ba. Sun ce a wuce da tazara mai aminci, ba su faɗi mita nawa ba. Tazarar da ta zama ganganci a tsakiyar tekun Pasifik, ita ce ta yau da kullum a mashigin Dover ko na Singafo. Tun 1971 masanan Japan Fujii da Tanaka suka bi diddigin zirga-zirgar jirage a rada, suka gano cewa matuƙa suna barin wani fili kewaye da jirginsu da ba sa son kowa ya shiga, mai tsawo ta gaba da baya fiye da gefe. Irin wannan awo na ɗabi'ar matuƙa, wanda yau ake yi da tarin bayanan AIS, shi ke ba injiniya lambar da doka ba ta ba shi ba.

Sannan dokokin a kan jirgi biyu suke magana, alhali a mashigi mai cunkoso kana iya zama mai ba wannan hanya, mai riƙe hanya ga wancan, a lokaci ɗaya. Masu bincike sukan jarraba manhajojinsu da jerin yanayi 22 na haɗuwar jirage da masanin Japan Imazu ya tsara, daga jirgi biyu har zuwa huɗu, kafin a kai ga ruwa na gaske. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mafi zurfi su ne doka ta 17 da ta 2. Mai riƙe hanya an umarce shi ya tsaya kan gudunsa da fuskarsa, domin mai kaucewa ya sami abin dogaro. Amma in ya bayyana ɗayan ba shi da niyyar kaucewa, an ba shi damar ya motsa, in abu ya ƙure kuma ya zama tilas. Doka ta 2 ta ƙara da cewa bin ƙa'ida ba hujja ba ce ga wanda ya ga haɗari ƙiri-ƙiri ya faɗa. Wato sai an koya wa kwamfuta haƙuri, an kuma koya mata sanin inda haƙuri ya ƙare.

Abin da aka gani a ruwa

Gani ya kori ji. Ranar 3 ga Disamba 2018 jirgin fito Falco ya yi tafiya tsakanin Parainen da Nauvo a Finlan, ya kauce wa abubuwan da ke hanyarsa, ya kuma sauka a tasha da kansa. A ƙarshen Fabrairun 2022, ƙarƙashin shirin MEGURI2040 na gidauniyar Nippon, jirgin kwantena Suzaku ya yi tafiyar kilomita 790, zuwa da dawowa, tsakanin gaɓar Tokyo da ta Ise, ana sa masa ido daga wata cibiya a Chiba. Mashigin Tokyo kuwa jirage kusan 500 ke ratsa shi kullum. A watan Mayun shekarar, jirgin dakon iskar gas Prism Courage ya tashi daga Freeport ta jihar Texas zuwa Boryeong a Koriya ta Kudu, tafiyar kwana 33, kuma kamfanin Avikus ya ce manhajarsa ce ta ja kusan rabin tafiyar, ta kauce wa jirage sau ɗari da wani abu. A Norwe, Yara Birkeland mai tsawon mita 80, mai aiki da batir, yana dakon taki daga Herøya zuwa Brevik tun 2022.

A duk waɗannan akwai mutane a cikin jirgi, a shirye su karɓi akala. Wanda ya tafi babu kowa, ƙaramin jirgin bincike Mayflower, ya bar Plymouth ta Ingila a Afrilun 2022, ya isa Halifax ta Kanada ranar 5 ga Yuni. Abin da ya karkatar da shi zuwa tsibiran Azores, daga baya kuma zuwa Halifax maimakon Amurka, matsalar inji da wutar lantarki ce, irin wadda makaniki zai gyara da sufana in yana ciki. IMO ta kasa irin waɗannan jirage mataki huɗu, daga wanda na'ura ke ba matuƙi shawara har zuwa wanda ke yanke hukunci shi kaɗai, ta kuma fara tsara musu kundin ƙa'idoji.

A ganina, amfanin wannan fasaha na kusa yana matakin farko ne. Jami'in da ke gadi da ƙarfe uku na dare, gajiye, ga fitilu ashirin a gabansa, yana buƙatar abokin aiki da ba ya gyangyaɗi, wanda zai ce masa wancan ne mai haɗari, ga mafita uku, wannan ce ta dace da doka. Jiragen da mutane ke tuƙawa, da kwale-kwalen masunta da ba su da AIS, za su ci gaba da cika teku shekaru masu yawa, kuma a cikinsu ne jirgi mai sarrafa kansa zai yi rayuwa. Saboda haka ma'aunin da ya kamata a riƙa auna kowace sabuwar manhaja da shi guda ne: matuƙin da ya hango ta daga nesa, ya gane abin da za ta yi ba tare da ya ɗauki rediyo ya tambaya ba? Injiniyoyin da suka sa wannan tambaya a gaba, su ne suka fahimci sana'ar, kuma aikinsu ya cancanci yabo.